Bayan Jami'a Ta Gagara: Yadda Za Ki Shiga Aikin Jinya Ta Ƙofar Gaskiya

Shawarar wannan makon ta ƙannena ce da suka shiga jami'a da ɗoki, suka fito babu digiri. Wata darussan da ta faɗi ne suka taru mata shekara kan shekara har makinta ya gaza, ta ga sunanta a allo cikin waɗanda aka sallama. Wata kuɗin rajista ne ya fi ƙarfin mahaifinta da aka ninka shi. Wata aure da laulayi da goyo suka sha kanta tana aji biyu. Akwai kuma waɗanda yajin aikin malaman jami'a ya kashe wa gwiwa, wata tara a 2020, wata takwas a 2022, ko da aka koma makaranta zuciyarsu ta riga ta bar wurin. Da yawa a cikinsu, in sun gama kuka sun zauna tunani, sai hankalinsu ya karkata ga aikin jinya, don sana'a ce da ake koyo a gefen gadon majinyaci, kuma ba a rasa mai neman wanda ya iya ta. Da mace zan yi maganar, saboda mata suka fi yawa a wannan layi, amma duk abin da zan faɗa ya shafi ɗa namiji.

Tunanin mai kyau ne, kuma faɗuwa a jami'a ba ta hana kowa zama ƙwararriyar nas. Abin da nake ji miki tsoro daban ne. Wadda ta yi asarar shekara biyu ko uku tana ganin sa'anninta sun yi mata nisa, wasu na bautar ƙasa, wasu sun fara ɗaukar albashi, sai ta ƙagu ta tarar da su. Wannan ƙaguwar ita masu sayar da gajeriyar hanya suke jira. Sauri kuwa kan haifi nawa.

Kafin ki sayi fom ɗin kowace makaranta, ƙanwata, ki samu wuri ke kaɗai ki tambayi kanki abin da ya kayar da ke. Ba wanda kike gaya wa dangi ba, ainihin abin. Na dage a kan wannan ne saboda makarantar jinya ba ta fi jami'a sauƙi ba, ta wata fuskar ma ta fi ta tsanani. A jami'a kina iya ƙin zuwa lacca mako biyu ba wanda ya lura, ki ari littafin ƙawa ki kwafa. A nan ana kiran suna a aji, ana kiran suna a ɗakin majinyata, kuma darasin da kika faɗi ba za a bar ki ki yi ta jan sa har shekarar ƙarshe ba. In kuɗi ne suka kayar da ke, to lissafin kuɗi za ki fara yi. In kwas ne aka cusa miki ba kya so, kamar wadda ta nemi likitanci aka ba ta ilimin tsirrai ta yi ta zaman haƙuri, wannan da sauƙi, don abin da zuciya take so jiki yana yi masa ƙwazo. In Turanci ne ya yi miki ƙaranci, kina gane lacca amma ba kya iya zuba amsa a takarda, ki sani da Turancin za ki rubuta rahoton majinyaci safe da yamma, saboda haka gyaransa shi ne aikinki na farko. In waya ce da ƙawaye da barci, ki faɗa wa kanki gaskiya. In kuwa wani nauyi ne a zuciya, baƙin cikin da yake hana barci da cin abinci da son ganin mutane har tsawon makonni, wannan ciwo ne da ake magani a asibiti. Ki nemi maganinsa kafin ki ɗauki jinyar wasu.

Daga nan sai ki riƙe abu guda da kyau. A Najeriya hukuma ɗaya ce tak take da ikon cewa wance nas ce ko ungozoma, ita ce Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, NMCN, wadda aka kafa da doka mai lamba 89 ta 1979 bayan an haɗe tsohuwar hukumar ungozoma da ta jinya. Ita take amincewa da makarantu, ita take ƙayyade yawan ɗaliban da kowace za ta ɗauka, ita take shirya jarrabawar ƙwarewa, ita take ba da lasisi. Takardar da makaranta za ta ba ki, komai kyan hatiminta, ba ta mayar da ke nas sai kin ci jarrabawar hukumar an sa sunanki a rajistarta. Duk hanyar da aka nuna miki, ki tambaya: a ƙarshenta akwai lasisi ko babu?

Makullin ƙofar yana cikin sakamakonki na sakandare. Ana son kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a jarrabawa ɗaya ko haɗin biyu, ba fiye da haka ba. A nan ne da yawa suke tuntuɓe, musamman waɗanda suka karanta fannin adabi ko kasuwanci a jami'a. Ba a yafe Fiziks don kina da difloma a wani fanni, kuma shekarun da kika yi a jami'a ba a lissafa miki su, daga aji ɗaya za ki fara. In akwai darasin da ya rage, WAEC da NECO duk suna da jarrabawar waɗanda suka bar makaranta, ki yi rajista. Amma ina roƙonki ki rubuta da kanki. Na san akwai cibiyoyin da ake biya a rubuta wa mutum amsa a allo, kuma na san jarabar ta fi ƙarfi ga wadda take jin ta makara. Kiredit ɗin da aka saya yana kai mutum bakin ƙofa ne kawai, watanni shida na farko su fallasa shi.

Ga misalin dalilin da ya sa ake neman Lissafi. Likita ya rubuta a ƙara wa majinyaci ruwa mililita 500 cikin awa takwas. Robar ƙarin ruwan da aka saba da ita tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita. Ɗigo 10,000 ke nan za a raba wa minti 480, ya kama kusan ɗigo 21 a minti ɗaya. Ke ce za ki yi wannan lissafi, tsakar dare, ga wasu majinyatan suna kira. In kika sake wa ruwan ya zuba da gudu a jikin jariri ko mai ciwon zuciya, yana iya taruwa a huhu. Wadda aka rubuta wa jarrabawa ba ta da wanda zai yi mata wannan a lokacin.

Hanyoyin da suke ɓullewa ba ɗaya ba ne. Wadda aka daɗe da sani ita ce makarantar jinya ta shekara uku, da takwararta ta ungozoma, ita ma shekara uku. A shekarun nan an yi ta mayar da waɗannan makarantu kwalejoji masu tsarin ND da HND a ƙarƙashin hukumar NBTE, shekara huɗu ke nan, kuma a cikinsu ake rubuta jarrabawar hukumar jinya. Wannan sauyi ya sa yawancinsu yanzu sai da JAMB ake shiga, kuma sakamakon JAMB na shekararsa ne kawai, wanda kika shiga jami'a da shi ya riga ya mutu. Ki shirya sake zama, ki zaɓi kwalejin a cikin fom ɗin, ki karanta sanarwar makarantar ta bana, kada ki dogara da abin da 'yar maƙwabta ta ce an yi shekara uku da suka wuce. Wasu makarantun suna sa iyakar shekarun haihuwa, ki duba wannan ma. Makarantu kuwa akwai su kusa da gida: na asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano a Kano, na Ahmadu Bello a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga kuma na jihohi a Madobi da Dambatta da Birnin Kudu da Kafanchan da Malumfashi da Damaturu da sauransu. Na jihohi sun fi ba ɗan jiha fifiko, don haka takardar shaidar ƙaramar hukumarki ta zama a hannu.

Ga wadda ta fito daga karkara kuma take da niyyar komawa can, akwai kwas ɗin ungozomar al'umma na shekara biyu, wanda shi ma hukumar take ba wa lasisi. An tsara shi ne don ƙauyukan da mace take naƙuda ba mai karɓar haihuwa sai tsohuwar unguwa. Iyakarsa ta fi ta cikakkiyar ungozoma ƙunci, amma halastacce ne. Sannan tun daga 2012 wani shiri da Birtaniya ta tallafa, mai suna Women for Health, ya shigo da shekarar share fage a makarantun lafiya na Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, daga baya har Borno, inda ake ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka a koyar da su kimiyya har su cike kiredit ɗinsu. Ki tambaya a ma'aikatar lafiya ta jiharki ko ana ci gaba da shi.

Akwai kuma ruɗanin da ya kamata in warware. Kwalejojin fasahar lafiya, irin na Kano da Makarfi da Kankiya da Jahun, suna horar da ma'aikatan lafiya na al'umma: CHEW shekara uku, JCHEW shekara biyu. Aiki ne mai daraja, su ne suke riƙe da ɗakunan sha-ka-tafi na ƙauyuka, su yi rigakafi, su yi awon ciki, su duba yara. Amma hukumarsu daban, lasisinsu daban, matakin albashinsu daban. Mutanen gari za su kira ki nas, doka ba za ta kira ki haka ba, kuma in daga baya kika so komawa jinya, sabon karatu za ki ɗauko. In aikin al'umma kike so, bismillah, ki shiga da idonki a buɗe. In kuwa burinki babban asibiti ne, ɗakin tiyata ko ɗakin jarirai, gara ki ƙara shekara guda kina gyara takardu da ki shiga don kawai a ce kina makaranta.

Yanzu sai hanyar da ba ta ɓullewa, kuma a nan zan daɗe, don ita ta fi cin 'yan'uwanmu. Wani asibiti mai zaman kansa ko wani mai kemis zai ce ki kawo kuɗi kaɗan, ki ɗinka farar riga, a shekara ɗaya ko biyu za a koya miki allura da ƙarin ruwa da ɗinkin rauni, a yi miki walimar yaye a ba ki satifiket. Shi ne ake kira ogzilari. Ba ruwansa da kiredit, ba ruwansa da JAMB, shi ya sa yake da daɗin ji ga wadda jarrabawa ta wahalar. Hukumar jinya ba ta san da wannan takarda ba. Ba za ki nemi aikin gwamnati da ita a matsayin nas ba, ba za ki ci gaba da karatu da ita ba, kuma yin aikin jinya ba rajista laifi ne a doka. Mai asibitin ya samu ma'aikaciya mai arha, ke kuma ranar da aka samu kuskure, ke za a nuna. Abin da ya fi wannan muni shi ne an koya wa hannunki aiki ba a koya wa kanki dalili ba. Kin iya soka allura, amma ba ki san wace jijiya ce take wucewa ta ɗuwawu ba, wadda in aka taɓa ta yaro yana iya tashi da shanyayyiyar ƙafa. Kin iya ɗaura ruwa, ba ki san wanda ruwan zai kashe ba. Ba na zargin matan da suka bi wannan hanya, da yawansu talauci ne ya tura su kuma suna da tausayi da ƙwazo. In kina cikinsu, ƙwarewar hannunki za ta yi miki amfani ƙwarai a makarantar gaskiya. Ki koma ki gyara takardunki.

'Yar'uwar wannan ita ce makarantar da ta kafa allo a bakin titi, ta sa wa kanta suna kwalejin kimiyyar lafiya, alhali ba ta da amincewar hukuma, ko tana da ita a wani kwas ɗin amma ba a na jinya ba. Gwamnatin Kano ta sha rufe irinsu, kuma in an rufe, ɗalibai ne suke kwana a ciki. Hukumar jinya tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet. Ki duba sunan makarantar da kuma kwas ɗin, kowanne daban. Daga nan ki taka da ƙafarki, zuwa da kai ya fi aike. Ki ga ɗakin gwaji, ki tambayi asibitin da ɗalibai suke zuwa koyon aiki, ki ja 'yar aji uku gefe ki tambaye ta ko an yi musu rajistar ɗalibai a hukuma, abin da suke kira indeksin, da kuma yadda 'yan gabansu suka yi a jarrabawar ƙarshe. In an ce miki "takardar amincewar tana hanya", ki bar kuɗinki a jaka har ta iso. Ki kuma tambayi mutum nawa aka ɗauka, nawa hukuma ta yarda a yi wa rajista. In tazarar ta yi yawa, ki san cewa an ɗauki wasu ne don a zubar.

Masu tunanin tsallaka iyaka su ma su yi hattara. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Ko makarantar waje ta kirki ce, wadda ta yi karatun jinya a can sai ta bi ta hannun hukumar nan ta ci jarrabawarta kafin ta taɓa majinyaci a Najeriya.

To, an kira ki jarrabawar shiga da intabiyu. Za a ga shekarar da kika gama sakandare, za a tambaye ki inda kika shiga tun daga lokacin. Kada ki ƙirƙiro labari, kada kuma ki zauna kina zagin malamanki na da. Ki ce kin fara jami'a, abu kaza ya faru, ga abin da kika gyara, ga dalilin da ya sa kike son jinya. Jimla uku sun isa. Waɗanda suke zaune a teburin tsofaffin ma'aikatan jinya ne, sun san cewa wadda ta iya faɗin kuskurenta ba ɓoye-ɓoye ita ce gobe za ta zo ta ce "Sista, na ba da magani ba daidai ba" tun ana iya ceto majinyacin. Kuma kada ki ba kowa kuɗi don ya samo miki gurbi. Kuɗin makaranta ta banki ake biyan su, da rasit.

Wajen watanni shidan farko, waɗanda ɗalibai suke kira PTS, su ne matata. Za a jibgo miki ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, da tushen aikin jinya, da ilimin ƙwayoyin cuta, a ƙarshe a yi jarrabawar da take raba masu ci gaba da masu komawa gida. Ke da kika taɓa ɗanɗana sallama, kin fi kowa sanin ɗacinta, to ki mayar da wannan ya zama ƙarfinki. Ki karanta darasin yau a yau. Ki zana zuciya da ƙoda da hannunki har ki iya ba kallo. Ki samu mutum biyu ko uku masu himma ku riƙa yi wa juna tambayoyi da baki, don a jarrabawar aiki a gaban mai dubawa za ki tsaya kina yi kina bayani. Biki da suna kuwa, ki ba dangi haƙuri tun yanzu. Za ki tarar da yaran da kika girma da shekara biyar a aji ɗaya da ke, wata ma tana gabanki tana ba ki umarni. Ki haɗiye. Ba wanda zai tambayi shekarunki ranar da kika karɓi lasisi.

Sai ɗakin majinyata, inda ake gane wadda ta zo don aikin da wadda ta zo don rigar. Za ki gyara gado, ki kwashe fitsari da amai, ki wanke gyambon da warinsa yake korar dangin mai shi, ki juya tsohon da ya shanye duk bayan awa biyu don kada bayansa ya ɓarke. Za ki yi aikin dare. Za ki ga mutuwa, wani lokaci ta yaro. Shawarata, tun kafin ki kashe ko sisi, in wani naki yana kwance a asibiti ki karɓi zaman jinyarsa na 'yan kwanaki, ki lura da abin da nas take yi daga karɓar aiki zuwa miƙa shi, ki ji yadda zuciyarki ta ɗauka. In kin shiga kuma, kada ki raina ƙananan ayyuka. Bugun jinin babba mai lafiya yana tsakanin 60 da 100 a minti, zafin jiki wajen 37, kuma awon jinin mai ciki da ya kai 140 bisa 90 gargaɗi ne da kan zo kafin jijjiga. Ɗalibar da ta auna da gaske ta rubuta gaskiya ta sanar da na gaba da ita tana ceton rai. Wadda ta zauna a kujera ta cike takardar da lambobin da ta ga dama, ta ci amanar da ba wanda ya gani sai Allah.

Ki kula da lafiyarki ke ma. Ki yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku ce cikin wata shida, kafin ki fara taɓa jini. Kada ki mayar wa allurar da aka yi amfani da ita murfinta, ki jefa ta kai tsaye cikin kwalinta. Safar hannu da wanke hannu ba tsirfa ba ne. A farkon 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe ma'aikatan lafiya a Kano, kuma a bakin aiki suka ɗauke shi.

Maganar kuɗi ba ta da daɗi amma dole ce. Kada ki lissafa kuɗin makaranta kaɗai. Akwai na ɗaki, na yunifom da takalmi, na littattafai, na abin awon jini da agogo, na motar zuwa asibitocin da za a tura ki, na rajistar hukuma da na jarrabawar ƙarshe. Makarantun gwamnati sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa cunkoson ya fi yawa a can, masu zaman kansu kuwa wasu sai mai hali. Ki tambayi hukumar tallafin karatu ta jiharki, ki kuma duba ko makarantar tana cikin waɗanda asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yake ɗauka. Wannan karatu ba ya barin sarari ga cikakken aiki a gefe. Ƙaramar sana'a ta cikin ɗaki tana yiwuwa, amma ki zauna da wanda zai ɗauki nauyinki ku yi lissafin shekarun duka, kada abin da ya faru a jami'a ya maimaita kansa a aji biyu.

In matar aure ce ke, maigida ya san komai tun farko: akwai kwanan asibiti, akwai turawa wani gari na makonni, akwai majinyata maza. A yi maganar yanzu, a san wanda zai riƙe yara, ya fi a yi ta ana tsakiyar zango. Ga iyaye da mazan da suke ganin aikin bai dace da 'yar mutunci ba, ina tuna musu da Rufaida al-Aslamiyya, wadda take da tanti a masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina tana jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'ad bin Mu'az da aka harbe shi a yaƙin Khandaƙ. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya a Najeriya suke, kuma mun san yankin da abin ya fi tsanani. Mutumin da ba ya son namiji ya duba matarsa, shi ya fi kowa cancantar ya bar 'yarsa ta koyi aikin.

Digirin da ya kuɓuce miki kuma bai tafi har abada ba. Mai lasisin jinya tana iya shiga jami'a kai tsaye ba daga aji ɗaya ba, ko ta yi digirin tana aiki ta Jami'ar Karatu Daga Gida, NOUN, ko cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai kuma kwasa-kwasan ƙwarewa na shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi: jinyar ƙashi a asibitin Dala da ke Kano, jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, jinyar masu taɓin hankali a asibitin Barnawa, shi ma a Kaduna, ga na tiyata da na taimakon gaggawa. Masu hangen Ingila ko Saudiyya su ma da lasisin nan za su fara, don shi za a fara tantancewa. Lasisin kuma ana sabunta shi ne lokaci-lokaci tare da shaidar ƙarin horo, karatu ba ya ƙarewa.

Abin da nake so ki yi a makon nan kaɗan ne. Ki ciro sakamakonki na sakandare ki duba darussan nan biyar. In sun cika, ki buɗe jerin makarantun da hukuma ta amince da su, ki zaɓi biyu ko uku da aljihun gidanku zai iya, ki fara shirin JAMB. In ba su cika ba, ki nemi ranar rufe rajistar jarrabawa ta gaba, ki samu malamin kimiyya a unguwarku. Iyaye kuma, don Allah a daina yi wa yarinyar nan gorin abin da ya wuce, a saya mata fom. Allah ya ba da sa'a.